Awon Ruwa a Gadar Baƙin Ƙarfe

Malamarmu ta Hausa ta aiko mini da wasiƙa tun da bazara, ta ce in rubuta wa 'yan aji biyar wani abu game da aikina, a sa a mujallar makaranta. Na yi ta jan ƙafa. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne maganar ƙanwata da ƙawayenta da suka zo hutu. Sun gan ni na dawo da littafi da fensir da takalmin roba, sai ɗaya ta ce, "Yaya Rakiya, ke kam kin huta. A kai ki bakin ruwa a mota, ki kalli sanda, ki rubuta lamba, a dawo da ke gida." Suka yi dariya, ni ma na taya su. Lokacin hannuwana lafiya lau suke. Yau na hagu a naɗe yake da bandeji, saboda haka Malama ta yi haƙuri da rubutun.

Sunan aikin awon ruwa. Ruwan da kuke gani yana shiga gonakin Kura da Kadawa da Bunkure ba kara zube yake zuwa ba. Daga dam yake tahowa ta babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana, kowace mararraba da ƙofarta ta ƙarfe. Mai buɗe ƙofa ba ya juya ta sai da lamba, lambar kuwa daga hannunmu take fitowa. Mu uku ne a zagayenmu: ni, da Baba Isyaku wanda ya koya mini aikin, da direbanmu Nomau, mutumin wani ƙauyen Maguzawa da suka shiga coci. Da ranar ajiye aikin Baba ta matso, na nemi a bar mini zagayen. Injiniyan da ke shugabantar ofishinmu ya ce ba ya musun na iya sandunan kanal, amma zagaye ba kanal kaɗai ba ne, akwai kogi. In na iya yin awon kogi da hannuna daga kan tsohuwar gadar ƙarfe, ana tsakiyar damina, zagaye nawa ne. In ban iya ba, a kawo namiji daga Kano, ni kuma in koma kan tafireta inda aka fara ɗaukata.

Kafin in kai ku gadar, bari in fara daga inda na fara.

Sandar farko da na karanta tana bayan Kura, a ƙofa ta uku. Shekara biyar ke nan, wata biyu da gama sakandarena. Idon Baba ne ya soma gaza masa a ƙananan lambobi, aka ce a ba shi aron yarinyar tafireta na mako biyu. Muka isa, na zaro fensir, shi kuwa ya miƙo mini buroshi. Sandar farin ƙarfe ce mai baƙaƙen lambobi, a kafe jikin simintin kanal, gansakuka ta rufe rabinta. "Wanke mata fuska tukuna," in ji shi, "sannan ki tambaye ta." Na wanke, na miƙe, na faɗi lamba. Ya girgiza kai. "Daga sama kike kallonsa kamar matar hakimi. Ruwa ba ya faɗa wa na tsaye gaskiya. Tsuguna." Na tattare zane na tsuguna har idona ya yi daidai da fuskar ruwan, sai ga lambar ta sauya da yatsa biyu. Ruwan kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana lasar sandar yana sauka. Sai ka jira, ka ga iyakar hawansa da iyakar saukarsa, ka ɗauki tsakiya. Da fensir ake rubutawa, don biro na jiƙewa ya zama shuni. Ba a kuma gogewa. In ka yi kuskure ka ja layi ɗaya a kai, ka rubuta daidai a gefe, wanda zai zo bayanka ya ga ka yi kuskure, ya kuma ga ka gyara. Makon nan biyu na aro har yau ba su ƙare ba.

Babban kuskurena na farko a lokacin alkama na yi shi. Tsofaffin sanduna da ƙafa suke awo, sababbi da mita, kuma a layi ɗaya sai ka sami duka biyun. Na karanta tsohuwar sanda na rubuta a gurbin mita. A ofis suka ga kamar kanal zai yi ambaliya, aka rage ƙofa. Kwana biyu 'yan ƙarshen layi ba su ga ɗigo ba. Rana ta uku wani dattijo ya jingine kekensa a ƙofar ofis, ya yi sallama, ya tambayi wace ce yarinyar da ke rubuta ruwa. Aka nuna ni. Ya zaro ganyen alkama daga aljihu, duk ya nannaɗe ya yi ruwan toka, ya ajiye kan teburina, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya fita. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Washegari Baba ya zo da gwangwanin jan fenti, muka bi tsofaffin sanduna ɗaya bayan ɗaya muna ɗiga musu ja a ka.

Manoma su ne masu cinikinmu, ko da yake ba abin da muke sayar musu. Na bakin kanal kullum ruwa ya ishe su amma ba sa cewa ya isa, na ƙarshen layi kuwa sai abin da aka rage. Lokacin tumatir za ka tarar da kwando a gindin sanda, mai shi yana can gefe yana gyaran tiyo kamar bai san da shi ba. "Malama, sannu da rana. Ɗan rage yatsa biyu mana a littafin nan, ko sa ƙara mana ƙofa." Baba yakan ɗauki tumatir ɗaya, ya goge a riga, ya barbaɗa gishirin da ba ya rabuwa da aljihunsa, ya cinye a tsaye, ya ce, "Ya yi daɗi, Alhaji. Ɗauke sauran kada rana ta dafa maka." Matan ƙauyen su Nomau, da yake su da kansu suke noman gonakinsu, sukan tare ni a bakin kanal da fartanya a kafaɗa. "Ga 'yar da ke yi wa ruwa rajista! Yau ya zo makaranta ko ya yi fashi?" Su ne suka fara ba ni malafa, suka ce gyale ba ya tare ranar kanal. Da rana ta take mukan zauna mu uku a gindin mangwaro, Baba ya dama fura, Nomau ya yi ta ba da labarin da duk mun san ƙarya ne. Ban ga alamar zan sake samun shekaru irin waɗannan ba.

Shekarar da aka yi fari ita ce ta biyu da fara aikina. Ruwan sama ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Mutanen arewa suka yi ta gangarowa da jakuna da shanun da ake ganin haƙarƙarinsu daga nesa, suna neman ƙwadago a bakin abinci. A ƙofofi aka sa sarƙa da kwaɗo, da safe a tarar an fasa. Na ga wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, sun ɗaga wa juna fartanya a kan buhun yashi guda da aka tare ruwa da shi. Kogi kuwa ya janye ya bar sandar gindin gada tsaye a kan rairayi, awaki na kwance kusa da ita. Duk da haka kowane mako biyu sai mun je. Nomau ya ce, "Baba, mu ƙona mai, mu karya mota, mu je mu rubuta babu?" Baba ya ce, "Babu ma lamba ce, Nomau. Wanda zai gina wani abu a kogin nan bayan mun mutu yana bukatar ya san akwai shekarar da ya ƙafe." Shafi bayan shafi na rubuta "busasshe". A shekarar ce kuma kayan gyara suka daina zuwa daga waje. Na'urorin awon gudun ruwa uku ne a ofis, biyu suka lalace, aka cire musu sassa aka rayar da ta ukun. Injin naɗe waya da ake zura ta da shi daga kan gada ya karye haƙori, ba a sami wani ba. Tun daga nan da hannu ake zura ta, da igiya.

Ita na'urar ba ta fi kamu ɗaya ba. Tagulla ce, da farfela a gaba da wutsiya a baya. A ƙasanta ake rataya darma mai siffar kifi, nauyinta kamar na tulu cike, don kada ruwa ya yi gaba da ita. Kifi muke ce mata. Cikin igiyar akwai siririyar waya da ke hawowa zuwa wani abin sawa a kunne irin na ma'aikatan gidan rediyo. Duk juyin da farfela ta yi a ƙarƙashin ruwa sai ka ji ƙas a kunnenka. Ka danna agogo, ka ƙirga ƙas-ƙas ɗin na minti ɗaya, daga nan ake gane gudun ruwan. Tun ina goye take hannun Baba. Akwatinta na katako a ɗakinsa yake kwana, ba a ofis ba. Da gashin kaza yake sa mata man keken ɗinki, ya hura farfelar da baki, ya karkata kai yana sauraron juyinta har ta tsaya. Shekara biyar ni ce mai agogo da littafi. Igiya ba ta taɓa shiga hannuna a kan gada ba sai ranar Laraba, yau kwana goma sha ɗaya.

Mun bar Kura bayan sallar asuba a tsohuwar jif ɗin ofis. Kwana huɗu ana ruwa a kudu. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, balbelu na bin masu cirar ciyawa. Baba ya rungume akwati, ni ina kusa da igiya da kifi da addar da muke share gindin sanduna da ita. A Kadawa muka karanta sanduna biyu. A Bunkure muka tsaya wurin mai ƙosan da muka saba, ta ƙara wa Baba uku a kai da ta ji wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. Nomau ya ce shi ma ya kusa ajiye aiki. Ta ce, "Kai da ko fara aikin ba ka yi ba?"

Daga nan kwalta ta ƙare. Sau biyu muka kafe a taɓo, na fita na tura har zanena ya zama ja. Nomau yana tuƙi yana tsokana.

"Baba, in ka tafi wa zai riƙa yi mini wa'azi a mota?"

"Rakiya za ta ci gaba."

"Wannan? Ai ko ƙadangare ta gani sai ta yi salati."

"Tuƙinka ne ke sa ni salati," na ce.

Baba kuwa idonsa na kan hanya. Duk bishiyar da muka taɓa hutawa a gindinta sai ya bi ta da kallo har ta wuce.

Wajen hantsi gadar ta ɓullo daga bayan giginyu. Wanda bai taɓa ganinta ba sai ya ɗauka wani dogon keji ne na baƙin ƙarfe aka ɗora a kan ginshiƙan dutse. Ƙarafuna sun gicciye juna sama da gefe, an ɗinke su da ƙusoshi masu kai kamar ƙosai, ba iyaka. Tun zamanin Turawa take. Motoci sun koma sabuwar gadar siminti can gaba, ita sai masu keke da jakuna da Fulani da shanunsu. Daɓenta katako ne, wasu sun ruɓe, kana tafiya kana hango ruwa ta tsakanin ƙafafunka. Baba ya dafa ƙarfen farko ya ɗan tsaya. Ya ce mahaifinsa na cikin waɗanda aka ɗebo aikin tilas lokacin gininta. Aikinsa hura wuta: a gasa ƙusa ta yi ja, a cafe ta da awartaki, a jefa wa na sama ya tare da gwangwani, a buga ta kafin ta huce. "Ya ce mini duk wadda ta huce a hanya sai dai a jefar. Shi ya sa har yau ba wadda ta saki." Ya nuna mini ginshiƙin bakin gaɓa inda ya yi ta zana iyakar ruwa shekara da shekaru. Ranar kogi ya haɗiye zanen duka sai biyu na sama. Jawur yake kamar kunun kanwa, yana wani irin ruri da kake ji a tafin ƙafa.

Wuri goma sha huɗu ake awo, kowanne da ɗigon farin fenti a jikin ƙarfen dafawa. Da farko muka bi su duka da kifi kaɗai muka auna zurfi, sannan aka ɗaura na'ura. Katakon gefen da ruwa ke tahowa ya ruɓe, dole muka tsaya a gefen da yake fita, inda ba ka ganin abin da ke zuwa. Don haka Nomau ya raɓe a ɗaya gefen yana gadi, in ya hango itace ya yi ihu a janye. Baba ya ɗora guntun tsohuwar taya a kan ƙarfe don igiya ta bi ta kai, ya miƙo mini, ya karɓi littafi.

"Tafin hannu ke riƙe igiya," ya ce. "Ba a naɗa ta a hannu, ba a taka ta, ba a ɗaura ta a jiki. In kogi ya nema, a ba shi."

Na ce na ji.

Wahalar gadar ƙarfe ita ce gicciyayyun ƙarafunan nan. Ba ka iya jan igiya ka wuce. Kowane wuri sai ka hauro da kifi gaba ɗaya, ka zagaya da shi bayan ƙarfe, ka sake zurawa. Na yi tara lafiya. A na goma, tsakiyar kogi, tafin hannuna ya soma fashewa, yatsuna suka ƙage. Agogo na rataye a wuyana, da dama nake dannawa tunda idon Baba ba ya ganin tsinkensa, hagu kaɗai ke riƙe da nauyin. Na ji igiyar tana zamewa kaɗan-kaɗan. Abin da ya zo mini shi ne na'urar nan kaɗai ta rage mana, in ta suɓuce a hannuna magana ta ƙare. Baba ya sunkuya yana fiƙe fensir. Na juya hannu sau biyu, igiya ta zagaye wuyan hannuna. Na ce ai minti ɗaya ne kawai.

Na kai ƙas talatin da wani abu. Daga baya Nomau ya ce sau uku ya yi ihu. Kututturen giginya ne, irin wanda ke tafiya a nutse sai ɗan doronsa, bai gan shi ba sai da ya shiga ƙarƙashin gada. Ni ban ji komai ba, kunnuwana a toshe. Ƙas ɗin ne ya tsaya cak. Sai kuma aka fizge ni. Ƙirjina ya bugu da ƙarfe, ƙafafuna suka bar katako, kaina ya koma ƙasa, malafata ta tafi. Wani ya cafke idon sawuna biyu, Nomau ke nan, yana kiran Yesu da kakanninsa a haɗe. Hannuna kuwa ana jansa kamar za a zare shi daga kafaɗa. Na ji ƙarar adda a kan ƙarfe, sau ɗaya, sau biyu. A na uku nauyin ya tafi, muka zube ni da Nomau a kan katako.

Baba na tsaye da adda a hannu yana kallon inda igiyar ta nutse. Bai daɗe ba. Ya juyo ya kwance sauran daga hannuna, fata ta biyo ta. Ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure. Innalillahi kawai yake maimaitawa. Bai ce ai na gaya miki ba. Suka kama ni muka fito bakin gada, inda wata tsohuwa ke zaune da tiren farin yalo. Ta miƙo mini ruwa, na kasa riƙe moɗar, sai ita ta riƙe mini.

Na fi rabin awa a zaune. Nomau ya tada mota. Baba ya ce ya kashe.

"Saura biyar," ya ce.

"Biyar ɗin me, Baba? Da me za a auna?" in ji Nomau. "Yarinyar nan asibiti za ta."

"Za ta. Rakiya, ba zan ce ki hau ba. In kin ce mu tafi, mu tafi, ba mai ganin laifinki. Amma takarda mai tara ba awo ba ce. Injiniya ya sani, ke ma kin sani."

Na ce, "Na'urar ta tafi, Baba. Ni na jawo."

"Kafin na'ura da me ake yi?" Ya juya wurin tsohuwar. "Iya, yalon nan duka muke so."

Ya sa Nomau ya ja tef ɗin awo daga gindin gada ya bi gaɓa ƙafa ɗari, ya tsaya daidai da wata tsamiya da ke tsallake. Ni zan tsaya a kan ɗigon fenti in saki yalo, in danna agogo yana taɓa ruwa. In ya gifta gaban Nomau ya ɗaga hula, in tsayar. Kowane wuri sau uku, a ɗauki tsakiya. Fari ne, ana ganinsa a jan ruwa, kuma rabinsa nutsewa yake, iska ba ta tura shi.

Tsohuwa ta biyo mu har bakin katako da ta gane abin da za a yi da kayanta.

"La'ilaha! Malam, da farin gemunka kake ba 'yan ruwa sadaka?"

Nomau ya ɗago murya daga gaɓa. "Iya, mu da muka gada mun bari, ga malamai sun ɗauka!"

"Rufe mana baki, Bamaguje," in ji Baba, "ka kalli ruwa."

Ba zan ce muku na hau da ƙarfin hali ba. Daga bakin gada zuwa ɗigo na goma ƙarafuna ashirin da biyu ne, na san haka don kowanne sai da na rungume shi kafin in saki na baya. Yalo a ƙulle a gyalena. Baba na bayana da taku ɗaya, bai taɓa ni ba. Guntun tayar na nan inda yake, da sawun adda uku a gefensa. Yalon farko ya suɓuce tun ban shirya agogo ba. Na biyu na tsaya kallon ruwa na manta da Nomau. Baba ya ce, "Akwai saura." Daga na uku abin ya kama hanya. Saki, danna, kalli hula, tsayar, rubuta. Ana kiran azahar a ƙauyen tsallake muka gama na goma sha huɗu.

Washegari, bayan an sake wanke mini hannu a asibiti, muka shiga wurin Injiniya. Baba ya ajiye akwati ba komai a ciki, ya ɗora guntun igiya a kai.

"Ni na sare, ranka ya daɗe."

"Ni na naɗa ta a hannu," na ce, "bayan ya hana ni."

Injiniya ya kalli guntun igiyar. Ya tambayi Baba ko ya san ba mu da wata na'urar, kuma ba ranar zuwan wata. Baba ya ce ya sani. Injiniya ya ce tun da Baba ya fara aiki ba a taɓa rubuta sunansa a kan asarar ko da ƙusa ba, yanzu saura kwanaki kaɗan sai an rubuta. Baba ya ce a rubuta. Sannan Injiniya ya jawo takardar awon ya bi ta da bakin biro. Tara na farko manyan lambobin Baba ne. A na goma ya tsaya.

"Wannan rubutun kamar kaza ta yi tono, na wa ne?"

"Nawa ne."

"Kafin abin ko bayansa?"

"Bayansa."

"Kin koma kan gadar?"

"Na koma."

Ya kalli bandejin, ya kalli Baba. Ya ce za a ba ni takardar gargaɗi, kuma na cancance ta. Ya sa hannu a ƙasan awon, ya ce daga Litinin ta sama zagaye nawa ne, in riƙa tafiya da yalo har Allah ya kawo na'ura.

Shekaranjiya Juma'a aka yi wa Baba ɗan taron sallama a ofis, lemo da biskit. Da aka watse na raka shi bakin titi yana jan kekensa. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Na ɓata maka suna a ƙarshen aiki."

Ya ce, "Tsakanin ke da na'urar, wace ce ke da uwa tana jiranta a gida?"

Na ce masa ni fa har yanzu ko 'yar gadar kanal na zo takawa sai ƙafata ta riƙe.

"Shekara talatin ina hawa gadar can," in ji shi, "ban taɓa hawa cikina bai ɗuri ruwa ba. Ki bar shi, ba ya hana aiki." Ya hau keke ya yi hanyar ƙauyensu.

Gobe Litinin, kuma tun Alhamis ake ruwa a kudu. Nomau ya ce ƙarfe shida zai zo. Mu biyu ne yanzu, saura mai riƙe agogo. Duk wadda ta gama jarrabawa a cikinku take son aikin, ta zo ta same ni, amma ta taho da takalmin da ba ya santsi.